Daga Tiga zuwa Tafkin Chadi: Ina 'yan majalisa da ƙungiyoyin farar hula a rabon ruwan yankin?

Duk ranar da aka buɗe ko aka rufe ƙofofin madatsar ruwan Tiga da ke kudancin Jihar Kano, an taɓa rayuwar mutanen da ba su taɓa ganin madatsar da idonsu ba. Manomin shinkafa a Haɗeja, masunci a Nguru, makiyayi a Gashuwa da mai noman tattasai a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar, duk a jikin kogi ɗaya da rassansa suke neman abinci. Abin da na sama ya riƙe, shi na ƙasa ya rasa; abin da ya saki ba bisa lokaci ba, shi ke cinye gonar na ƙasa.

Sai dai kaɗan ne daga cikin waɗannan mutane za su iya faɗin wanda ke yanke shawarar yawan ruwan da za a saki, da lokacin sakinsa, da kuma inda za su kai kuka idan an cuce su. Takardun da suka yi bayanin rabon ruwan ba su yi ƙaranci ba. Shugabannin ƙasashe sun rattaba hannu a kan yarjejeniyoyi, gwamnoni sun yi taruka, ƙwararru sun rubuta tsare-tsare. Abin da ya yi ƙaranci shi ne dokar da za ta tilasta aiki da takardun, da kuɗin aiwatar da su, da bin diddigin waɗanda aka ɗora wa alhakin. Waɗannan abubuwa uku kuwa suna hannun zaɓaɓɓun 'yan majalisa, su kuma ba kasafai suke motsi ba sai jama'a sun haɗa kai sun matsa musu lamba.

Yadda kogin yake, da abin da ya sauya shi

Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma Kogin Jama'are yana tasowa daga tsaunukan Filato ya ratsa Jihar Bauchi. Kogunan biyu suna bazuwa a cikin dausayin Haɗeja da Nguru, sannan ruwan ya sake tattaruwa a wajejen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe. Daga nan ya wuce Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar na tsawon tafiya mai nisa, kafin ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso da Malam Fatori.

Kafin zuwan manyan madatsu, kogin yana da ƙa'idarsa da kowa ya sani. Da damina ya cika ya malale fadamu, da rani ya janye. A kan wannan cika da janyewa aka gina rayuwa: shinkafa a lokacin ambaliya, su idan ruwa ya fara ja, noman rani a kan danshin da ya bari, sannan dabbobi su shigo kiwo bayan an kwashe amfani.

An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, aka kuma kammala ta Challawa a 1992. Amfaninsu a bayyane yake. Su ne ƙashin bayan noman rani a Kadawa da Kura, su ke shayar da birnin Kano, su ne kuma ke ba shirin noman rani na kwarin Haɗeja ruwa. Amma sun karya tsohuwar ƙa'idar kogin. Ambaliyar damina ta ragu, aka kuma koma sakin ruwa duk tsawon shekara. Ruwan da ba ya ƙafewa ya ba ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru suka toshe su. Sakamakon haka, garuruwan da ke bin hanyar ruwan Marma zuwa Nguru suka riƙa fama da ruwan da ya kwanta musu a gonaki, alhali waɗanda ke ƙasa suna zaman jiran ruwan da ba ya isowa. Yau ɗan kaɗan ne daga ruwan Kogin Haɗeja ke kaiwa Gashuwa, mafi yawan abin da ke gangarawa Yobe daga Jama'are yake zuwa.

Wannan ne dalilin da ya sa maganar madatsar Kafin Zaki, da aka soma ginawa a kan Jama'are a Jihar Bauchi aka kuma dakatar fiye da sau ɗaya, take tayar da jijiyar wuya duk lokacin da aka taso da ita. Mutanen Bauchi suna ganin haƙƙinsu ne su samu irin abin da Kano ta samu. Mutanen Yobe da Borno suna ganin za a toshe musu ƙofar da ta rage. A farkon shekarun 1990, binciken masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan idan ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, wato noma da kifi da itace a haɗe, ya zarce wanda ake samu idan aka karkatar da shi zuwa manyan filayen ban-ruwa na sama. Rikici irin wannan, inda kowane ɓangare ke da hujja, ba injiniya ne ke warware shi ba. Aiki ne na siyasa, kuma majalisa ce zauren da aka tanada dominsa.

Takardun da aka tara

A matakin ƙasa da ƙasa, babbar inuwar ita ce Hukumar Kula da Tafkin Chadi, wadda Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa ranar 22 ga Mayun 1964 a birnin Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu. Daga baya Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Libiya suka shiga. A lokacin da aka kafa ta, faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan girma, kodayake ya ɗan farfaɗo daga baya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan kogunan da ke shiga tafkin daga Chari da Logone yake fitowa, ta ɓangaren Chadi da Kamaru. Rabon Komadugu Yobe ƙarami ne, amma shi ne babban kogin da ke zuba a arewacin tafkin, inda ƙafewa ta fi tsanani.

Janyewar ruwan ta nuna tun da wuri cewa batun ya wuce na muhalli. Masunta da manoma sun bi ruwa duk inda ya nufa ba tare da duba iyaka ba. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi suka gwabza a kan tsibiran tafkin. Rigimar yankin Darak kuwa sai da ta kai gaban Kotun Duniya, wadda hukuncinta na 2002 ya mayar da garuruwan ga Kamaru.

A 1990, Najeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniyar Maiduguri a kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da Komadugu Yobe da Gulbin Maraɗi. A 2006 aka yi taro a Damaturu, inda jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe tare da gwamnatin tarayya suka amince da tsarin kula da kogin baki ɗaya, suka kuma kafa asusun amana da kowane ɓangare zai zuba kuɗi. Sai kuma ranar 30 ga Afrilun 2012, lokacin da shugabannin ƙasashen tafkin suka amince da Kundin Ruwa na Tafkin Chadi a Njamena. Kundin ya tanadi a yi rabo bisa adalci, a bar wa koguna wani adadin ruwa da ba za a taɓa ba, ƙasa ta sanar da maƙwabta kafin ta fara babban aikin da zai shafe su, wanda ya gurɓata ruwa ya biya, sannan a riƙa jin ta bakin jama'a. A 2023 Najeriya ta ƙara da shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwan da ke ratsa iyakoki, bayan Chadi da Kamaru sun riga ta.

Abu ɗaya ya haɗa dukkan waɗannan takardu: ɓangaren zartarwa ne ya rubuta su, shi ya sa musu hannu. Shugaban ƙasa ko gwamna kuwa yana da wa'adi, alƙawarinsa yakan tafi tare da shi idan ba a ɗaure shi da doka ba.

Makaman da ke hannun ɗan majalisa

Na farko shi ne yin doka. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bayyana cewa babu yarjejeniyar da ƙasar ta ƙulla da wata ƙasa da za ta samu ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Idan batun bai faɗa cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu ba, sai mafi yawan majalisun dokokin jihohi sun amince. Ma'anar wannan ita ce, manomin Gaidam ba zai iya ɗaukar yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Njamena ya je kotu da ita ba, muddin wakilansa ba su mayar da ita dokar ƙasa ba. Haka ma Sashe na 20, wanda ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa, yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Kundin ya kuma ba Majalisar Tarayya ikon ayyana ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya tare da yin doka a kansa, abin da ya sa kogin da ya ratsa jihohi shida ya zama nauyin da ke wuyanta.

Na biyu shi ne kasafin kuɗi. Hukumomin raya koguna goma sha biyu ne a Najeriya, biyu daga ciki suka raba wannan kogi: Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano tana riƙe da sama, Hukumar Raya Yankin Chadi mai hedikwata a Maiduguri tana riƙe da ƙasa. Ko sisin kwabo ba sa kashewa sai majalisa ta amince. Amma ƙungiyoyin bin diddigin kasafi irin su BudgIT sun daɗe suna nuna yadda ake cusa ayyukan mazaɓu a kasafin hukumomin raya koguna, tun daga fitilun kan titi har zuwa rabon kayan tallafi. Rijiyar burtsatse mai ɗauke da allon sunan ɗan majalisa tana kawo ƙuri'a. Na'urar auna ruwan kogi, ko yashe hanyar ruwa, ko gyaran bangon madatsa, babu mai yi musu bikin buɗewa. Da haka hukumar da aka kafa don kula da kogi take komawa 'yar kwangilar ƙananan ayyuka.

Na uku shi ne sa ido. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon bincike da gayyatar duk wani jami'i ya zo ya yi bayani, ya kuma kawo takardu. Madatsar Alau ta nuna tsadar sakaci da wannan iko. Madatsar tana kan Kogin Ngadda, wani kogin na daban a cikin yankin tafkin, kuma tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Chadi. Ranar 10 ga Satumban 2024 ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Rahotannin 'yan jarida sun nuna cewa an sha ware kuɗin gyaran madatsar a kasafin shekarun da suka gabata. Bayan aukuwar lamarin an ga ziyarar jaje da gudummawa, daga bisani gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina ta. Tambayoyin da suka kamata a yi a zauren kwamiti tun ruwa bai kai gwiwa ba, wato nawa aka saki, me aka gyara, wa ya duba aikin, sai bayan ya ci gari aka fara yin su.

Na huɗu shi ne wakilci. Sanatan da ke wakiltar Yobe ta Arewa da takwaransa na Kano ta Kudu a zaure ɗaya suke zama. Babu wani wuri a tsarin mulkin ƙasar da na sama da na ƙasan kogi suke haɗuwa da daidaiton murya kamar nan.

Ƙudirin da ya mutu sau uku

Dokar da ke jagorantar harkar ruwa a Najeriya har yanzu ita ce wadda gwamnatin soja ta kafa a 1993. Hukumar da aka samar a 2007 domin daidaita amfani da ruwa tsakanin masu buƙata daban-daban ta daɗe tana aiki ba tare da cikakkiyar dokar majalisa a bayanta ba. Don cike wannan giɓi ne gwamnatin Muhammadu Buhari, lokacin da Suleiman Adamu ke ministan albarkatun ruwa, ta aika wa majalisa ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa a 2017. Manufarsa ita ce haɗe dokokin da ke warwatse wuri guda, da kafa hukumar ba da lasisi, da tsara kula da ruwa bisa yadda koguna suke gudana.

Majalisar Wakilai ta amince da shi, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa a 2018. A 2020 ya dawo Majalisar Wakilai, aka zartar da shi, sannan a watan Satumba majalisar ta janye shi bayan wasu mambobi sun nuna cewa ba a bi ƙa'idar sake gabatar da shi ba. An sake kawo shi a 2022, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a Yunin 2023, kwanaki kaɗan kafin wa'adinta ya ƙare.

Masu adawa da ƙudirin suna da hujjojin da suka cancanci amsa. Gwamnoni, musamman Samuel Ortom na Binuwai, sun ce zai miƙa wa tarayya iko da gaɓar koguna, alhali dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago sun nuna fargabar cewa zai buɗe ƙofar mayar da ruwa haja a hannun 'yan kasuwa. Wole Soyinka ma ya fito ya soke shi. Amma da yake muhawarar ta zo a daidai lokacin da rikicin manoma da makiyaya da cece-kucen shirin Ruga suka yi zafi, sai ta rikiɗe ta koma ta Kudu da Arewa. Wasu suka ɗauke shi dabarar ƙwace filaye domin makiyaya, wasu suka kare shi don kawai daga ɓangarensu ya fito.

A cikin wannan hayaniya, muryar mutanen da suka fi kowa buƙatar dokar rabon ruwa tsakanin jihohi ba ta fito ba. Matsalar Nguru da Gashuwa ba tsakanin Kudu da Arewa take ba, tsakanin maƙwabta ne da ke shan kogi ɗaya. Majalisa tana da damar cire sassan da ake jayayya a kansu, ta kai zaman sauraron ra'ayin jama'a garuruwan bakin kogi, ta fitar da dokar da za a iya rayuwa da ita. Ba a yi hakan ba. Ƙudirin ya mutu, giɓin da aka so cikewa yana nan.

Darasi daga Kinshasa

Wanda ke shakkar tasirin majalisa a kan ruwan yanki, ya dubi abin da ya faru da shirin Transaqua. Wannan shiri ne da kamfanin Bonifica na Italiya ya daɗe yana tallatawa, na haƙa hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 2,400 da za ta kwaso ruwa daga rassan Kogin Kwango ta zuba a Kogin Chari, daga nan ya gangara tafkin. A taron ƙasa da ƙasa kan Tafkin Chadi da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018, mahalarta sun goyi bayan shirin.

Sai dai ruwan da ake lissafi a kansa na wasu ne. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ba ta cikin Hukumar Kula da Tafkin Chadi, kuma dokar ruwa da ƙasar ta kafa a ƙarshen 2015 ta tanadi cewa ba za a fitar da ruwanta zuwa wata ƙasa ba sai an nemi amincewar al'umma ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. 'Yan siyasa da ƙungiyoyin ƙasar sun fito sun soki shirin da kakkausar murya. Ko mutum yana goyon bayan Transaqua ko yana adawa da shi, zai ga cewa sashe ɗaya na dokar majalisa ya gindaya sharaɗin da babu taron shugabanni da zai iya tsallake shi.

A ɓangaren ƙasashen tafkin kuwa, Kundin Ruwa ya ambaci kwamitin 'yan majalisun yankin a cikin rassan hukumar, amma aikinsa na ba da shawara ne da neman goyon baya. Ba ya yin doka, ba ya riƙe da lalitar hukumar. Ga kuma halin da majalisun kansu suke ciki. Sojoji sun rusa majalisar dokokin Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Chadi ta yi zaɓen 'yan majalisa a Disambar 2024, karo na farko tun 2011. Tun 2015 kuma, lokacin da aka ɗora wa hukumar jagorancin farar hula na rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram, harkar tsaro ta mamaye hankalinta. Da wannan, majalisun Najeriya na tarayya da na jihohi suna cikin ƙalilan da suka rage da damar yin magana a fili a kan ruwan yankin.

Su wane ne farar hula a bakin kogi?

Idan aka ce ƙungiyoyin farar hula, abin da ke zuwa a ran mutane shi ne ofis a Abuja da taron bita a otal. A bakin Komadugu, farar hula ta fi haka faɗi: ƙungiyoyin masunta da sarakunan ruwa, ƙungiyoyin masu amfani da ruwan ban-ruwa, ƙungiyoyin makiyaya, matan da ke sarrafa kifi da shinkafa, da malaman jami'o'in yankin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne suka san hanyar ruwan da ta toshe, da burtalin da aka nome, da watan da sakin ruwa ke zama alheri da wanda yake zama ɓarna.

An taɓa gwada amfani da wannan sani. Tun 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, kuma a shekarun 2000 ayyukan da ƙungiyar kare muhalli ta IUCN da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya suka tallafa sun haɗa manoma da masunta da makiyaya da jami'an gwamnati a zaure ɗaya. Garuruwa suka riƙa fitowa aikin gayya suna yanke kachala da buɗe hanyoyin ruwa. Wannan yunƙuri na ƙasa yana cikin abubuwan da suka share fagen taron Damaturu. A Chadi ma, ƙungiyar matan Fulani da Hindou Oumarou Ibrahim ke jagoranta ta haɗa makiyaya da manoma suka zana taswirar wuraren ruwa da kiwo da hannunsu, domin hukumomi su ga abin da taswirar ofis ba ta nunawa.

Raunin irin waɗannan zauruka shi ne dogaro da kuɗin masu ba da tallafi. Idan wa'adin shiri ya ƙare, taro yakan tsaya, domin babu dokar da ta wajabta wa masu kula da madatsu su zauna da jama'a kafin su tsara jadawalin sakin ruwa. Ga kuma matsin da rashin tsaro ya kawo. A 2015, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, hukumomin Nijar sun hana cinikin kifi da tattasai a yankin Diffa, suka kuma kwashe mazauna tsibiran tafkin, da nufin toshe wa mayaƙa hanyar samun kuɗi. Matakin tsaro ne, amma ya faɗa a kan sana'o'in da yankin ya dogara da su.

Legas ta nuna ɗaya fuskar. Gamayyar ƙungiyoyi da 'yan ƙwadago da suka shafe shekaru suna adawa da miƙa ruwan sha ga 'yan kasuwa sun ƙware wajen karanta ƙudiri sashe bayan sashe, da zuwa majalisa da takarda a hannu, da jawo hankalin 'yan jarida. Irin wannan ƙwarewa ta taimaka wajen daƙile ƙudirin ruwa na ƙasa. Amma hana doka wucewa ya fi sauƙi a kan samar da wadda ta fi ta. Gwajin da ke gaban ƙungiyoyin yankin Komadugu shi ne su rubuta abin da suke so, su nemo 'yan majalisar da za su ɗauke shi.

Inda za a iya farawa

Kayan aikin suna nan a dokokin da ake da su. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukumar tarayya, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar matasa a Haɗeja ko Gashuwa na iya neman jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa, da rahoton binciken lafiyar madatsun, da lissafin abin da kowace jiha ta zuba a asusun amanar da aka kafa a Damaturu. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a baje rahoton babban aiki ga jama'a su yi sharhi kafin a amince da shi, abin da zai shafi duk wani yunƙuri na farfaɗo da Kafin Zaki. Kasafin kuɗin tarayya kuwa yana kan intanet, kowa na iya buɗe shafin hukumomin raya koguna ya ƙirga nawa ne ya tafi ga kogi, nawa ya tafi ga fitilun titi.

Majalisun jihohin shida ma suna da abin yi ba tare da jiran Abuja ba. Kowace na iya sanya gudummawar asusun amana a cikin doka domin kada ta dogara da ra'ayin gwamna mai ci. Kwamitocinsu na ruwa na iya zama tare sau ɗaya a shekara, kafin faɗuwar damina, su gayyaci hukumomin biyu su yi bayani a bainar jama'a tare da wakilan masunta da manoma da makiyaya.

Ga mai zaɓe kuma, akwai tambayoyin da suka fi alƙawarin rijiyar burtsatse nauyi. Shin ɗan takara ya san inda ruwan mazaɓarsa yake fitowa, da garuruwan da ke jiransa a ƙasa? Mene ne matsayinsa a kan dokar rabon ruwa tsakanin jihohi, kuma wane sashe na tsohon ƙudirin zai gyara? Idan ya taɓa zama a majalisa, sau nawa ya nemi a kawo rahoton lafiyar madatsar da ke saman garinsa?

Fiye da shekara 50 ke nan da Tiga ta sauya tafiyar Kogin Haɗeja, jama'ar da ke dogaro da shi kuma sai ƙaruwa suke yi. Ana raba ruwan kowace shekara, ko da doka ko babu. Inda babu doka, wanda ke kusa da ƙofar madatsa da wanda ke da babban injin ban-ruwa su ke ɗibar rabonsu da fari, na ƙarshen kogi kuma ya karɓi abin da ya saura.